Za mu yi gini kusa da tashar gas: ta yaya ake auna ƙarfin fashewa?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ina cikin kwamitin da zai gina makarantar Islamiyya mai bene ɗaya a Sabon Gari, Zariya, kuma akwai tashar sayar da gas a bayan filin. Shin ana iya lissafa irin bugun da gini zai sha in wani abu ya fashe? In mun ƙara kaurin bango ya isa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ana lissafawa, kuma abu biyu ake fara nema: yawan abin da zai fashe, da tazararsa daga ginin.

Yawan, ana mayar da shi kilo nawa ne na TNT, wato wani nau'in nakiya da ake gwada sauran da shi, zai yi irin wannan bugun. Sai a raba tazarar, a mita, da tushe na uku na wannan nauyin, wato lambar da in aka jera ta sau uku aka ninka za ta ba da nauyin (na 8 shi ne 2, don 2 × 2 × 2 = 8). Ƙa'idar Hopkinson da Cranz ke nan. Lambar da ta fito ita ake dubawa a jadawalin Kingery da Bulmash na 1984, a karanto ƙarfin matsin iska da tsawon lokacinsa. Abin lura a nan: in abin fashewar ya ninka sau takwas, ninka tazara sau biyu kawai zai dawo da kai kan matsin farko. Shi ya sa nake cewa fili ya fi siminti araha.

Ga misali. Kilo 1 na TNT, a tazarar mita 10, yana ba da matsin iska na kilofaskal 10 zuwa 15. Kilofaskal 10 kuwa daidai yake da nauyin tan guda a kan kowace murabba'in mita. Bangon da ke fuskantar wurin kai tsaye yakan sha aƙalla ninki biyu, saboda iskar na dukansa ta dawo. Gilashin taga na tarwatsewa tun wajen kilofaskal 7, kuma shi ne yake yawan jikkata mutane. Sai dai bugun ba ya wuce 'yan ɓurɓushin daƙiƙa, don haka ba girman matsin kaɗai muke dubawa ba, har da daɗewarsa da saurin da ginin yake amsawa. Bayansa kuma iska na zuƙowa baya, tana iya janyo taga waje.

Naku na gas ne, kuma a nan lissafin TNT kintace ne kawai. Gas da ya yoyo a sarari sau da yawa ci da wuta yake yi. In ya taru a ɗaki ko a cunkoson bututu da katangu, nan yake bugu da ƙarfi. Akwai hanyar da cibiyar TNO ta Holan ta fitar don irin wannan. Zafin wuta da ɓaraguzan tanki ma lissafinsu daban.

Batun kauri kuwa, bai isa ba. Bulo inci tara da babu rodi a ciki zubewa yake gaba ɗaya, komai kyan shafensa. Abin da ake so shi ne ginin da zai lanƙwasa bai karye ba: rodi ya ratsa daga ginshiƙi zuwa bim (sandar kankare da ke kwance a kan ginshiƙai) zuwa dakin (kankaren saman bene), a ɗaure da kyau, ta yadda in ginshiƙi ɗaya ya tafi sauran za su ɗauki nauyin. A 1968 gas ya fashe a hawa na 18 na benen Ronan Point a Landan. Bango ɗaya ya fice, kusurwar ginin ta rufto har ƙasa, mutum huɗu suka rasu.

Ku ja ginin zuwa can ƙarshen filin, azuzuwa da matakala su ba tashar baya, tagogin wancan ɓangaren su zama ƙanana da gilashi mai leda a tsakiya. Ku nemo girman tankin tashar da awon tazarar, ku kai wa injiniyan gini mai rajista da COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniya a Najeriya, kafin a haƙa tushe.