Tambayi Anti: Kek mai hawa nawa ne zai ishi mutanen dinata?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, dan Allah ki taimaka min da shawara kaina ya kulle. Bikina watan Afrilu ne in sha Allah a nan Kano, mun buga katin dina 200 amma Mama tace in ma daina yaudarar kaina, mutane sai sun kai 300. Mai kek ɗin da na samu tace mai hawa uku ya isa, ƙawata kuma tace wallahi sai mai hawa biyar, shi kuma angon da ya ji kuɗin mai hawa biyar ɗin shiru kawai yayi. Ni dai burina kowa ya samu, bana son a tashi ana cewa an yi rowa. Ya zan yi? Daga wata amarya, Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya sanya alheri ya kaimu lokacin lafiya. Toh farko dai ki riƙe maganar Mama, ita ta san danginku ta san unguwarku. Bikin farar kaza ne, balbela ba gayya, kati ɗaya mace zata zo da ƙanwarta da ƴar riƙonta da goyo a baya, ga ƴan gayyar soɗi, ga masu hoto da masu kiɗa da masu gadin ƙofa suma duk baki ne da su. Ko kin sa masu duba kati a ƙofa, waye zai iya koro ƙanwar uwar ango? Dan haka da 300 zamu yi lissafi.

Yanzu ga abinda masu kek da yawa basa zama su yi wa amare bayani. Kalmar "hawa uku" ba ta gaya miki komai, faɗin kowane hawa shi ne magana. Yankan biki da masu sana'ar ke lissafi da shi ɗan siriri ne, inci 1 a inci 2, tsayinsa kamar inci 4, wato kamar ki haɗa yatsunki biyu. Da irin wannan yankan, kek zagayayye mai faɗin inci 6 yana bada kusan yanka 12, mai inci 8 kusan 24, mai inci 10 kusan 38, mai inci 12 kusan 56. Kinga kenan hawa ukun da aka fi yi, wato 6 da 8 da 10, bakinsa mutum 74, in an ƙara na 12 a ƙasa ya zama 130. Ina 130 ina 300? Kuma wannan ma sai in mai yankan ta san hannunta. Ki koma wajen mai kek ɗin ki tambaye ta inci nawa ne kowane hawa, kuma dukkansu na gaske ne ko akwai na bogi a ciki, dan ana rufe farin soso da ayisin, wato abin zaƙin nan da ake lulluɓe jikin kek da shi, a jera shi dan tsayi da kyan hoto, ba laifi bane in kin sani, laifin shi ne ki biya kina zaton na ci ne.

Ni abinda nake ba kowa shawara, kuma shi na yi wa ƴata, ki raba aikin gida biyu. Kek ɗin da zaku tsaya ku yanka ke da ango a yi hoto daban, wanda mutane zasu ci daban. Na yankawan ki barshi mai hawa uku ɗin nan, a ƙawata shi yadda ranki ke so. Na ci kuma ki sa ayi miki na tire, shimfiɗaɗɗe marar ado, kwaɓi ɗaya ɗanɗano ɗaya da na gaban. Tire mai inci 12 a 18 in aka yanka shi inci bibbiyu yana bada 54, tire biyar kenan 270, ki haɗa da 74 ɗin can kin haura 340. Kuɗin kek yawanci a ado da jeri da wahalar ɗauka yake tafiya, shi yasa zaki ga wannan hanyar ta fi miki sauƙi akan dogon nan da ya sa angonki yin shiru. A yanka tun a gida, a sa a ƴar roba ko leda mai kyau, a haɗa da abincin kowa ko a ɗora kan teburi tun kafin mutane su zauna. Masu yin ƙananan kek na kofi ma sunyi dabara, ɗaya ɗaya ne ba rigima, in zaki ƙara da cincin ko dubulan guda ma ya ƙara armashi.

Abinda yasa na dage akan a raba tun kafin taro, na gani da idona ne. Bikin ƴar yayata kek ɗin har sai da maza biyu suka kama aka shigo da shi, fari tas da furanni ruwan gwal, amarya da ango suka yanka aka yi tafi, sai aka tura shi bayan labule aka cigaba da liƙi. Ba wanda aka ɗora wa rabo. Da na leƙa wajen sha ɗaya saura na tarar da yara sun zagaye shi suna ƙwaƙula da cokalin roba, wata kuma ta naɗe hawan sama sukutum a ɗankwali tana neman ƙofa. Washegari gwaggon ango ta aiko wai ita ko ƙamshinsa bata ji ba, maganar nan har ranar suna sai da aka tada ta. Kek ɗin ya isa ya yi yawa ma, mai rabo ce babu.

Dan haka ki zaɓi mutum ɗaya tun yanzu, babbar mace mai kwarjini wadda ba'a yi mata wargi, ki damƙa mata wuƙa da tire da yara biyu masu taya ta. Ki gaya mata kar ta yanka shi kamar kankana, a sauke kowane hawa daban a zare sandunan da ke riƙe da shi, sannan a yanka layi layi kamar tuwon madara, ana tsoma wuƙar a ruwan zafi ana gogewa. Kuma kafin kowa ya taɓa a fitar da kason waɗanda basa zuwa dina, iyayen ango da naki da kakanni, a rufe a kai mota. Su ɗin nan su ake mantawa kuma nasu ƙorafin ya fi daɗewa.

Sai maganar Afrilu, kin san zafin Kano lokacin yana haura digiri 40, ayisin ɗin bota narkewa yake ya zame tun kafin ki iso. Ki nemi a rufe na yankawan da fondan, wato ayisin ɗin da ake murzawa a shimfiɗa a kan kek, ya fi jure zafi, a kawo shi cikin mota mai esi dab da fara taro, a ajiye shi nesa da fitilun masu hoto. Kar ki yarda a ɗauko shi a adaidaita sahu.

TAMBAYA: Anti barka da aiki. Ni ango ne, wani abokina yace min wai akwai kek ɗin biki da ake sa wa giya, gaskiya ne? Sannan mahaifina yana da ciwon siga kuma mutum ne mai son a bashi nasa kason. Daga wani ango, Kaduna.

AMSA: Abokinka bai yi ƙarya ba ɗana. Kek mai busassun ƴaƴan itace, baƙin nan mai nauyi da Turawan Ingila suka saba yi a bikinsu, akan jiƙa kayan cikinsa da barasa dan ya daɗe bai lalace ba, wasu masu kek a ƙasar nan ma haka suka koya. Ka tambayi mai yin kai tsaye ba kunya, kace banda giya ko ɗigo, har kayan ƙamshin ma ta duba kwalbar, ana iya jiƙawa da ruwan lemo ko shayi kuma yayi daɗi. Shi kuma Baba, Allah ya ƙara masa lafiya, a haɗa masa farantinsa daban da gasasshiyar kaza da ƴan kayan marmari a kai masa da girmamawa tare da na kowa, in kuma likitansa ya yarje masa ɗan yanka ƙarami toh a cire ayisin ɗin kafin a miƙa masa.