Hadarin ƙasa maganin mai kabido: amsar tambayoyinku kan kalmomin ruwa da fari

Tun da damana ta kankama, tambayoyin da ke iso mini nan Yamai duk sun koma na ruwa da iska. Na ɗauki huɗu a wannan mako. Sauran su ƙara haƙuri.

Hadari ne ko haɗari?

Wani ɗalibi daga Jami'ar Abdou Moumouni ya ce ya ga an rubuta "haɗari ya taso daga gabas", a wani wurin kuma "hadarin mota". Wanne ne daidai?

Ɗana, duka biyun an yi musu musayar riga. Hadari, da "d" marar ƙugiya, shi ne baƙin gajimaren da ke ɗauke da ruwa. Haɗari mai ƙugiya, wanda Kanawa ke ce wa hatsari, aro ne daga Larabci, kuma shi ne na mota da na duk abin da ke iya halaka mutum. Abin da ke rikita masu rubutu shi ne muna cewa "hadari ya haɗu" ko "ya haɗo", sai ƙugiyar kalma ta biyu ta yi tsalle ta faɗa kan ta farko.

Tun da ka taɓo wurin, bari in ƙara maka abin da ba ka tambaya ba. Mutanen Yamai ba su manta ranar 4 ga Mayu 2020 ba, ranar da jan bango na ƙura ya taso da rana tsaka ya rufe gari, sama ta koma kamar an zuba mata jan garura. Hotunan sun zaga duniya, kuma kusan kowa "guguwa" ya rubuta a ƙarƙashinsu. Ni ban yarda da wannan suna ba. Guguwa ita ce iskar da ke murɗawa ta miƙe kamar ginshiƙi, ta kwashi ledoji da karan dawa, wadda tsofaffi ke hana yara shiga cikinta don a ganinsu ba iska ce kawai ba, akwai masu ita. Ƴan rediyo ne suka faɗaɗa kalmar, da suka rasa sunan da za su ba manyan iskokin teku na Amurka, suka ce "mahaukaciyar guguwa". Wancan bangon ƙura kuwa goshin hadari ne: iska mai sanyi ce ke faɗowa daga gajimare, ta bugi busasshiyar ƙasa, ta tura ƙura gabanta. In ruwa ya biyo baya, hadari ya cika alkawari. In kuwa aka sha ƙura aka rufe tagogi, aka kwashe shanya, sannan ko ɗigo bai sauka ba, sunansa holoƙo. Shi ya sa ake yi wa mai yawan alkawarin banza kirari da "holoƙo hadarin kaka". Hazo kuma daban yake: farar ƙurar hunturu ce mai laushi da ke rataye a sama kwana da kwanaki, yawancinta daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi iskar arewa maso gabas ke kwaso ta.

Ruwan da ba daga sama ya zo ba

Wata malamar lakwal daga Harobanda, ƙetaren kogi nan Yamai, ta ce kakarta, ranar da ruwa ya shigo musu gida a 2020, ba abin da take maimaitawa sai "hadarin ƙasa maganin mai kabido". Mene ne kabido, kuma me tsohuwar ke nufi?

Malama, Allah ya saka wa kakarki, don ta ajiye karin maganar nan daidai gurbinta. Kabido rigar ruwa ce ta mutanen da, wadda ake saƙawa da kaba, mutum ya kifa ta tun daga ka har gadon baya. Makiyayi ko matafiyi mai kabido ba ya tsoron hadari, ruwa zai zubo ya zame. Amma duk dabararsa sama take kallo. In ruwan ya ɓullo ta ƙarƙashin ƙafafunsa fa? Ana faɗin wannan magana ga wanda ya shirya wa masifa ta ƙofa guda, ta shigo masa ta inda bai tsare ba.

Abin da ya sami mutanen ƙetaren kogi ke nan. Sun yi yaɓe, sun gyara indararo, sun buɗe rariya, duk shirin ruwan sama. Sai ga kogin Kwara ya kai wajen mita 7 a ma'aunin Yamai cikin Satumba 2020, alhali tun daga santimita 620 ake shelar jan gargaɗi. Madatsar Lamorde ta ɓalle, ruwa ya bi unguwanni. Kuma ruwan nan ba lallai a kan Yamai ya zuba ba. Kogin yana kawowa sau biyu a shekara. Akwai cikar da ke tahowa a hankali daga duwatsun Gine, ta ratsa Mali, ba ta iso mu sai cikin sanyi, wajen Disamba zuwa Fabrairu. Akwai kuma jan ruwa na Agusta da Satumba, wanda rassan da ke fitowa daga wajen Burkina Faso, wato Sirba da Dargol da Goruwol, ke antayowa da jar laka. Wannan na biyun shi ne mai shigowa gida ba sallama. Ana iya kwana da taurari a sama a Kirkisoy, a farka tabarma tana iyo.

A nan ina da ƙorafi a kan kalmar ambaliya. Kalma ce mai kyau, asalinta cika har a zuba ta baki, kamar yadda kogi ke tumbatsa ya haura gaɓarsa. Amma yanzu ta hadiye ƴan'uwanta duka. Mutumin Adar ba ya cewa an yi ambaliya in ruwa ya gangaro daga tudu ya bi kwarin Majiya. Cewa yake ƙorama ta kawo, kuma ya san nan da ƴan sa'o'i za ta wuce, sai dai kada ka kuskura ka sa mota ko jaki a ciki. Irin wannan ne ya afka wa Agadas a farkon Satumba 2009, da ƙoramar Telwa ta kawo daga duwatsun Abzin. In kududdufi ya cika ya bazu cikin unguwa, malala ya yi. In ruwa ya rasa hanyar fita ya zauna ƙofar gida har sauro ya yi sansani, kwanciya ya yi. In kuma aka wuni aka kwana ana mamako, ba ƙarfi ba ɗaukewa, ginin laka ya sha ya ƙoshi ya zube, to ba kogi ba ƙorama, marka ce ta yi aikinta. Tsohon masallacin Damagaram da ya rushe a farkon Satumba 2024, bayan ya haura shekara 150 a tsaye, ruwan sama ne ya ci shi. Kowanne da maganinsa: mai fama da kogi madatsa yake so, mai fama da kwantaccen ruwa magudana, mai ginin laka yaɓe da tushe na dutse. In duk aka kira su da suna ɗaya, mai rabon taimako ma sai ya kai wa kowa abu ɗaya.

Ni ma ban tsira ba. Katangar gidana ta bayan ɗaki ta kwanta a damanar 2024, bayan wani magini ya rantse mini cewa ko giwa ta jingina ba za ta motsa ba. Na fara kai kuka wurin wani maƙwabci, sai na tarar shi ɗakin kwanansa ne ya rufta, yara suna gidan ƴan'uwa. Na ja bakina na yi shiru, kada a ce da ni ana ruwa ya ci makaɗi, ina ganga ta jiƙe.

Fari nawa ne a Hausa?

Wani mai sayar da albasa a kasuwar Tawa ya tambaya ko farin da ke kashe shuka shi ne farin launi, tun da ƙasa kan yi fari fat in ruwa ya ɗauke.

Alhaji, rubutun boko ne ya haɗa su, baki bai haɗa su ba. Faɗi "farin zane", sannan ka faɗi "an yi fari bana", ka saurari kanka: a na launi murya tana sama har ƙarshe, a na rashin ruwa tana faɗuwa a gaɓa ta biyu. Akwai kuma fari jam'in fara, da fari na ɗan fari, waɗannan biyun ana jan "fa" ɗinsu. Ku a Adar ma "hwari" da "hwara" kuke cewa. A 2004 biyu daga cikinsu suka haɗu mana, ruwa ya ɗauke da wuri, farin dango suka sauka, abin da ya jawo wahalar 2005 ke nan a Tawa da Maraɗi da Damagaram, har mata suka koma jiƙa anza kwana da kwanaki don a cire mata ɗaci.

Me ya sa ake ce wa yunwa El Buhari?

Wannan daga wata ɗiyata ce, ɗaliba a Tawa, wadda ta ji mahaifinta yana lissafin shekarunsa yana cewa an haife shi "bayan El Buhari da shekara biyu".

Ɗiyata, "El" ɗin nan ba na Larabci ba ne, kada ki haɗa shi da na Elhaji. "Ƴar" ce a bakin mutanenmu na yamma, inda take komawa "yal" ko "el". Yunwa kalma ce ta mace, don haka in za a raɗa mata suna, na ɗiya mace ake ba ta. Ita wannan ta 1984 zuwa 1985 ce. Damanar 1984 ta ƙi, dabbobi suka yi ta faɗuwa, kuma a watan Afrilu na shekarar Janar Muhammadu Buhari, wanda ya karɓi mulkin Najeriya a ƙarshen Disamba 1983, ya rufe iyaka ya canza takardun naira. Mutanen da suka saba in rumbu ya yi ƙasa su gangara Ilela ko Jibiya su auno hatsi, ko samari su tafi cin rani su aiko, sai suka tarar da ƙofa a garƙame. Fari daga Allah ne, ba wanda ya yi musu. Amma sunan, wanda ya rufe ƙofar aka ba.

Haka kakanninmu ke yi tun da. Ba su da kalanda a bango, sai su ɗaure shekara da abin da ya fi ci musu rai a cikinta. Babbar yunwar 1913 zuwa 1914 Kakalaba ce a bakin Hausawa, Gande Beri a bakin Zabarmawa. Ta wajen 1942 an ce mata Ƴar Gusau, garin da jirgin ƙasa ya kai, inda jama'a suka dosa neman abinci. Kin ga ita ma ƴa ce. Zabarmawan nan Yamai suna da wadda suke kira Banda Bari, ta tsakiyar shekarun 1960, ma'anarta juya baya, don mutum kan juya wa ɗan'uwansa baya in zai ci ɗan abin da ya samu. Farin 1973 zuwa 1974 kuwa har kujera ya girgiza: ranar 15 ga Afrilu 1974 Seyni Kountché ya kifar da gwamnatin Diori Hamani, kuma yadda aka tafiyar da taimakon abinci yana cikin dalilan da sojoji suka bayar.

In kina son ki san shekarun mahaifinki, lissafin mai sauƙi ne: ƙara biyu a kan 1984 ko 1985. Ki tambaye shi kuma ko da damana aka haife shi ko da kaka, sannan ki tambayi kakarki me suka ci a shekarar, ki rubuta sunayen ganyayen yadda ta faɗe su, ki aiko mini.