Amsa ga ɗan 'yar'uwata mai son zuwa Jamus karatun kabon

Ɗana, saƙonka na murya ya iso, minti goma sha ɗaya cur, na saurare shi a jirgin ƙasa ina dawowa daga Cuxhaven, wani gari a bakin tekun Jamus, da ƙarnin laka a jikina. Kai ne na huɗu a wannan watan, shi ya sa zan amsa a bainar jama'a, wanda ya zo bayanka in tura masa ya karanta. Abin da ka ce a taƙaice: ka gama digiri a kimiyyar sinadarai, ka gama bautar ƙasa, ka ji an ce kuɗi yanzu suna wajen "kabon", Kawu kuma aikin kabon yake yi a Turai, don haka in nema maka gurbi wajen maigidana ko da wankin kwalabe ne.

Wankin kwalaben ne kaɗai gaskiya a maganarka. Shi na yi wata shida ina yi, da ruwan asid, kafin a yarda in taɓa na'ura.

Kabon ɗin da ka ji ana saye da sayarwa harkar 'yan kasuwa ce da lauyoyi, ban san ƙofar ofishinsu ba. Ni aikina bin sawu ne. Ganye ya faɗi ya ruɓe, ruwan sama ya wanke gona, dutse ya narke a hankali, duk kabon da ke cikinsu kogi yake gangarawa. Da can masana suna ɗaukar kogi tamkar bututu, abin da ya shiga ta nan shi zai fita a teku. Daga wajen 2007 aka gane kogi ciki ne, yana cin abin da aka zuba masa. Ƙwayoyin bakteriya suna cinye wani kaso su fitar da iskar kabon dayoksaid, wani ya kwanta a ƙasan madatsun ruwa, abin da ke isa teku bai cika tan biliyan 1 a shekara ba. Wani lissafi na 2013 ya ce koguna da ƙoramu suna hurar da tan biliyan 1.8 na kabon zuwa sama duk shekara. Teku kuwa yana shanye kusan kashi ɗaya cikin huɗu na kabon dayoksaid ɗin da ɗan Adam ke fitarwa. Inda lissafin ke rikicewa shi ne bakin kogi, mahaɗar ruwan daɗi da ruwan gishiri, kuma nan nake cin abincina.

Ga misali a kogin Elbe na nan Jamus. Da bazara, a can sama inda ruwa ba zurfi kuma rana na ratsa shi, ƙananan tsirran ruwa irin gansakuka suna yaɗuwa har ruwan ya yi kore. Su gangaro su wuce madatsar Geesthacht, su faɗa tashar jiragen ruwa ta Hamburg, wadda aka yashe ta yi zurfi saboda manyan jiragen dakon kaya. Can ƙasa duhu ne, sai su mutu. Bakteriya su hau gawar, su zuƙe iskar oksijin, kifi ya rasa numfashi, kabon ɗin da aka tara a sama ya tsere zuwa iska. In ka ji ana cewa kifi na mutuwa a Hamburg a tsakiyar zafi, dalilin ke nan. A takarda labarin yana da daɗi.

A kan ruwa daban ne. Fitata ta farko a watan Nuwamba aka yi ta, a Tekun Arewa. Teku yana cika ya janye duk bayan awa 12 da minti 25, mu kuma dole mu bi zagayen gaba ɗaya, kowace awa a ɗebi samfur, ko ƙarfe uku na dare ne. Ka cika 'yar kwalba ta tiyo har ta yi ambaliya, kumfa ko ɗaya kada ya maƙale, don kumfa ɗaya ya isa ya ɓata awon. Ka ɗiga mata gubar makuri ta kashe duk mai rai a ciki, ka toshe. Sannan ka tace lita bayan lita ta wani faifan tacewa da aka gasa a zafin digiri 450, ka kama shi da ɗan hantsaki da yatsun da sanyi ya kashe. Ni da na tashi a Yawuri, na shiga kwalekwale kafin in shiga makarantar allo, ni ne na kwana rungume da bokiti ina amai, wata yarinya 'yar shekara ashirin da biyu tana yi min aikina. Sallah kuwa, ka kabbara kana fuskantar alƙibla, kafin ka yi ruku'u jirgi ya juya da kai. Ban taɓa faɗa wa mahaifiyarka wannan ba, kada ka kai mata.

Maganar kuɗi. Digiri na uku a nan aiki ne, ana biyanka, yawanci kwantiragin shekara uku da kashi biyu cikin uku ko uku cikin huɗu na cikakken albashi, kai kuma ka yi aikin cikakke har da ƙari. Amma ba a ɗaukarka sai da digiri na biyu, kai kuma ba ka da shi. In za ka zo yinsa da kuɗinka, tun Satumbar 2024 sai ka ajiye Yuro 11,904 a asusun da ake kullewa, a riƙa sakar maka 992 a wata. Ka buga shi da naira ka faɗa min gonar wa za a sayar. DAAD, hukumar ba da tallafin karatu ta Jamus, na da tallafi ga 'yan ƙasashe masu tasowa, sai dai wanda ya fi dacewa da kai yana son shekara biyu ta aiki bayan digiri. Ko ka gama digiri na ukun ma ba a gama ba: akwai dokar 2007 da ta ƙayyade shekarun da za a riƙe mai bincike a kan kwantiragin wucin gadi, shida kafin digirin, shida bayansa. In lokacin ya cika ba ka sami kujerar dindindin ba, sai ka san inda dare ya yi maka. Ina da furfura a gemu, har yau kwantiragina yana da ranar ƙarewa. Neman ɗaki ba zan ma fara ba. Na rubuta wasiƙa ta fi arba'in da sunana na gaskiya kafin mutum ɗaya ya amsa.

Duk wannan na haɗiye. Abin da ya tsaya min a wuya daban ne. A wani aiki da na taɓa shiga, akwai wani bawan Allah a gida, ma'aikacin ɗakin gwaji, da ya yi shekara ɗaya da rabi yana ɗebo mana ruwan kogi duk wata. Shi ke hayar kwalekwale, shi ke neman ƙanƙara a garin da wuta ba ta zama, shi ke hawa babur da kula a bayansa. Da aka zo buga sakamakon, sunaye tara aka jera a sama, nasa aka jefa shi can ƙasa cikin godiya, kusa da direba. Na yi magana, aka ce ai bai ba da gudummawar tunani ba. Na yi shiru saboda takardar zamana tana hannun mai maganar. Har yau in na tuna sai in ji kunyar kaina. Da na sami tallafin bincike na farko da sunana, sharaɗin da na fara gindayawa shi ne duk wanda ya jiƙa ƙafarsa a ruwa sunansa a sama yake. Wannan ɗaya ina alfahari da shi, kuma ba zan ɓoye ba.

Yanzu saurara, don nan ne amfanin wannan doguwar wasiƙa. Kana zaune a bakin abin da mu a nan muke kashe miliyoyi mu je mu gani. Kwara, wato kogin Neja, tana da tsawon kusan kilomita 4,200, kuma a wajenmu sau biyu take cika. Ta farko da damina, ruwa mai kauri da laka daga ƙoramun kusa, masana na ce mata farar ambaliya. Ta biyu da sanyin hunturu, ruwan da ya taso tun daga tsaunukan Gini, ya yi watanni yana yawo a fadamun Mali, ya zubar da lakarsa a can, ya iso mana garau, ita ce baƙar ambaliya. Kowane masunci a Yawuri ya san wannan tun yana yaro. Ruwa biyu ke nan, kowanne da irin kabon da ya ɗauko, kuma tun 1968 dukansu a tafkin Kainji suke yada zango kafin su wuce Jebba, su haɗu da Binuwai a Lokoja, su ƙare a dazukan bakin teku na Neja Delta. Nawa ke kwanciya a ƙasan tafkin, nawa ke tashi sama? Elbe ana auna ta dare da rana, na'urori a kafe a bakinta. Kogunanmu kuwa sai a 2015 wani rukuni ƙarƙashin Alberto Borges na jami'ar Liège a Beljiyam ya fitar da awon koguna goma sha biyu na Afirka, har da Kwango, duniya ta yi ta mamakin yawan iskar da suke fitarwa. Kwango fa, wadda ba kogin da ya fi ta ruwa sai Amazon.

Saboda haka ga abin da zan iya yi maka. Ba zan kai sunanka wajen kowa ba yanzu, don mutuncin da nake da shi a nan kaɗan ne kuma da gumi na tara shi. Ka tafi New Bussa, akwai cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa a can, ka nemi su bar ka ka raɓu da ɗakin gwajinsu ko ba albashi. Legas ma akwai cibiyar binciken teku, in kana da wurin kwana. Ka koyi auna tsamin ruwa da ƙarfin alkalinsa, wato ƙarfinsa na kashe tsami, har hannunka ya daina rawa. Ka koyi manhajar lissafin alƙaluma mai suna R a wannan kwamfutar da na aiko wa yayarka. Ka zaɓi wuri ɗaya a bakin Kwara, ka riƙa zuwa duk sati biyu, ka rubuta rana da lokaci da abin da ka gani a littafi mai bango, ka haɗa cikar damina da ta hunturu. Na'urar awo ta hannu da ruwan daidaita ta ni zan saya in ba wani mai zuwa ya kawo maka. Yaron da ya rubuto wa farfesa da awon shekara guda na kogin da ba kowa ke da awonsa ba, ana amsa masa wasiƙa. Wanda ya rubuto cewa yana da sha'awar sauyin yanayi, irinsa hamsin ne a akwatin kowane mako.

Ka koyi iyo sosai kuma, ba irin na bakin gaɓa ba. Ka turo min sakamakon digirinka a rubuce, ba saƙon murya ba. Ka gaida mahaifiyarka, ka ce mata ta daina faɗa wa mutane wai ina aiki a gidan ruwa na Jamus, kuma kukar da ta aiko ta ƙare tun kafin azumi.