Dalilin da Ya Sa Nake Tilasta Maka Rubuta Littafin Katako

Ka tambaye ni abin da ya sa nake matsa maka ka rubuta ranar da kowace mota ta sauke mana katako, da inda aka ɗauko shi, da sunan icen, alhali a ganinka da zarto da guduma aka san kafinta, ba da biro ba. Ka kuma ce me zai hana mu sayi na'urar auna danshi irin wadda ka gani a waya, mu huta da rubuce-rubuce. Da wata tambayar ce da na tura ka sharar dusar katako, amma wannan ta fama mini mikin da har yau bai warke ba.

Lokacin da na gaji wannan rumfa a ƙauyenmu na ƙasar Ringim, na gaje ta ne tare da wani dattijo da ya yi aiki da mahaifina. Mutumin nan idan ya ƙwanƙwasa falanki da bayan yatsa, ya ɗaga shi ya ji nauyinsa, ya sansana bakinsa, zai gaya maka ko na aikin yau ne ko na bayan watanni. Shekara da shekaru ina kallonsa yana ware wasu falankai yana jingine su a bayan rumfa, ban taɓa buɗe baki na tambaye shi dalili ba, domin ina ganin ni ne maigida, kuma girma ya hana ni. Allah ya yi masa rasuwa a farkon wata damina, aka binne shi da duk abin da ya sani.

A wannan daminar wani ɗan kwangila ya kawo mini aikin bencin makaranta guda 120, ya ba ni kashi ɗaya cikin uku na kuɗin, ya ce sauran sai na kai kaya. Shi da bakinsa ya ce in yi da malaina saboda araha, kuma in gama kafin a dawo daga hutu. Na tafi 'Yan Katako ta Na'ibawa a watan Agusta, na loda malaina sabuwar saukewa daga kudu, fara tas, mai daɗin gyara, ka taɓa ta ka rantse ta bushe. Muka yi mako shida muna aiki har da fitila, muka kai benci yana sheƙi.

Da hunturu ya kankama a watan Disamba sai aka aiko a kira ni. Na tarar falankan sun tsuke sun bar tsaga wadda fensir ke faɗawa ta ciki, kawunan ƙusoshi sun ɗago suna yage wa yara wando, wasu ƙafafun kuma sun karkace har benci yana rawa kamar an ɗora shi kan dutse. A gaban dagaci ɗan kwangilar nan ya dube ni ido cikin ido ya ce shi bai taɓa ambatar malaina ba, madaci muka yi da shi. Ba takarda, ba shaida, domin dattijon da ya saba zama a gefe idan ana ciniki yana cikin kabari. Shanun huɗata biyu na sayar na biya dillalin katako, na gyara benci arba'in daga aljihuna, daga baya kuma na samu labarin cewa shi an biya shi kuɗinsa cif. Har yau yakan wuce ta gaban rumfar nan a mota ya ɗaga mini hannu.

Sai bayan ɓarna ta auku wani masassaƙi ya gaya mini abin da marigayi ya sani tun ina goye: malaina tana riƙe ruwa a cikinta ta daɗe ko da bayanta ya bushe, kuma katakon da ya isa bushewa a danshin Sapele ko Ondo bai isa ba a iskar Jigawa. Ice a faɗinsa yake tsukewa, tsawonsa kusan ba ya motsi, shi ya sa tsagar ta buɗe tsakanin falanki da falanki. Magana ce ta layi biyu, da an rubuta ta da shanuna suna turke.

Daga nan littafin ya samo asali, kuma duk gyaran da ka tarar a rumfar nan daga cikinsa ya fito. Ba zan ɓata tawada ina koya maka ɗora katako kan bulo da sa sanduna a tsakaninsa ba, wannan ko mai tallan gyaɗa da ke wucewa ya gani. Abin da ba ka sani ba shi ne yadda na kai ga shafa fenti a bakin kowane falanki. Na raba lodi ɗaya gida biyu, na shafa wa rabi na bar rabi, na rubuta, bayan wata uku na ƙirga waɗanda suka tsage, domin ta baki ruwa ya fi saurin fita. Haka kuma falankin da muke yi wa alama muna ɗorawa kan sikeli duk mako: ranar da nauyinsa ya daina raguwa, ranar ce lodin ya halatta a taɓa shi. Abu ɗaya ake canzawa a lokaci ɗaya, in ba haka ba idan aiki ya yi kyau ba ka san wanda za ka gode wa ba.

Kada ka ɗauka ina ƙyamar na'urarka. Za mu saya idan hali ya yi. Amma lamba kawai za ta nuna maka, ba za ta gaya maka lambar da ta dace da ƙofar da za ta sha hunturu a Gumel ba, sai wanda ya tara lissafin shekaru. Matsalar yaran yanzu ke nan: kuna son sabon kayan aiki ranar Asabar, ku buɗe shagonku ranar Lahadi, kuma abin da kuka gani a bidiyo na minti biyu ya fi muku abin da dattijo ya yi shekara arba'in yana lura da shi.

Icen ma da muka sani yana ƙarewa. Madobiya an kwashe ta daga dazukan Taraba zuwa ƙasar Sin har sai da aka sa ta cikin itatuwan da aka taƙaita cinikinsu tsakanin ƙasashe a 2017, madaci da kirya masu kauri kuwa sai an sha nema. Abin da ya rage a hannunmu shi ne darbejiya da turare, kuma mahaifina bai bar mini ilminsu ba, ni nake tara shi shafi bayan shafi. Turare yakan murɗe ya tsage idan aka gaggauta shi, kuma sai da na lalata ƙofofi uku kafin na yarda da haka.

Na duba shafin makon jiya na ga ka rubuta nauyin falankin turaren ba ka sa kwanan wata ba, ka kuma bar gurbin sunan dillali fanko. Gobe kafin ka taɓa zarto ka cike su, ka sake auna falankin a gabana.