Mazaɓar Calgary Southwest: Ina Ta Shiga?

Tambaya: Malam, na ji cewa mazaɓar da tsohon Firaministan Kanada, Stephen Harper, ya wakilta babu ita yanzu. Shin soke ta aka yi?

Amsa: Haka ne, ɗan'uwa. Mazaɓar Calgary Southwest da ke lardin Albata ta aika wakilai Majalisar Wakilan Tarayyar Kanada daga 1988 zuwa 2015, kuma mutum uku kacal ne suka riƙe kujerarta. Bobbie Sparrow ta jam'iyyar Progressive Conservative ce ta fara, sai Preston Manning, jagoran jam'iyyar Reform, ya kayar da ita a 1993, shekarar da jam'iyyar Sparrow mai mulki ta sha ƙasa har ta tsira da kujeru 2 a duk faɗin ƙasar. Da Manning ya ajiye kujerar a 2002, Harper ya lashe zaɓen cike gurbi, kuma daga wannan mazaɓa ya hau kujerar Firaminista a 2006. A ganina, ba ƙaramin abu ba ne mazaɓa ɗaya ta fitar da shugaban adawa, wato Manning, da kuma Firaminista a jere.

Ba siyasa ce ta kawar da ita ba. Bayan ƙidayar jama'a ta kowace shekara goma, hukumomi masu zaman kansu ne ke sake shata iyakokin mazaɓu, kuma da kujerun Albata suka ƙaru daga 28 zuwa 34, sai mafi yawan yankinta ya koma sabuwar mazaɓar Calgary Heritage, wadda Harper ya ci a 2015, duk da cewa jam'iyyarsa ta rasa mulki.