Amsa ga Hajiya kan maganin farfaɗo da ƙwaƙwalwa

Assalamu alaikum. Hajiya, na saurari saƙonki, ya jikin Baba? Allah Ya ƙara sauƙi. Kin ce hoton kai ya nuna jijiya ce ta fashe, jini ya zuba a ƙwaƙwalwa, kuma kina tambaya ko a sayi maganin nan da ake talla a Facebook wai yana tayar da ɓarin da ya shanye. To, kar a saya. Maganin da zai yi wannan aikin, masu bincike suna ta nema, har yanzu bai samu ba.

Bari ki ji inda aka kwana. Jinin nan da ya taru, ba danne ƙwaƙwalwa kaɗai yake yi ba. Idan ya fara narkewa, sinadarin ƙarfen da ke cikinsa ne ke fitowa ya riƙa cin naman da ke kewaye, kamar tsatsa a jikin kwano. Shi ya sa likitoci a Amurka da Kanada suka gwada deferoxamine, allurar nan da ake yi wa masu sikila idan ƙarin jini ya tara musu ƙarfe. A jikin ɓeraye ta yi aiki. Da aka zo kan mutane, sakamakon da ya fito a 2019, bayan wata uku babu wani bambanci na a zo a gani. Haka tranexamic acid, wanda ake ba mai jego idan jini ya ɓalle, an gwada shi a kan mutum sama da 2,000, a 2018 aka ga bai sa sun fi warwarewa ba. Fluoxetine kuwa, maganin damuwa, bai gyara motsi ba, sai ma karaya da ta ƙaru ga masu shan sa.

Abin da ya nuna amfani, kin san mene ne? Wani bincike na 2023, mutum sama da 7,000 a ƙasashe 10, har da Najeriya. Babu sabon magani a ciki fa. Da an kawo mara lafiya a sauke hawan jini da gaggawa, a daidaita suga, a kashe zazzaɓi, in kuma yana shan maganin hana jini daskarewa irin warfarin a karya ƙarfinsa. Shi ke nan.

Don haka kuɗin nan a kai su wajen gashi, wato motsa jiki na asibiti. Watannin farko ne jiki ya fi saurin dawowa, kar a bari su wuce yana kwance. A ba shi cokali ya gwada da hannun da ya shanye, ko kunun zai zube a riga, a ƙyale shi. A zaunar da shi tsaf kafin a ba shi abinci don kar ya ƙware, a riƙa juya shi saboda gyambon kwanciya. Maganin hawan jini kuma kullum, ba sai kai ya yi ciwo ba.

Sannan don Allah kar wani ya karɓo masa asfirin a kemis wai don shanyewar jiki ne. Irin nasa na zubar jini ne, sai likitansa ya ce. Ki turo min hoton magungunan da aka sallame shi da su in duba.