Wayar ciniki a hannun yara: in saya musu tasu ko in hana su?

Wata 'yar kasuwa mai sayar da kayan sawa ta intanet ta rubuto tana cewa: "Malam, da waya ɗaya nake komai, karɓar oda a WhatsApp, talla a Instagram, da manhajar banki. Da yamma yara kan ɗauka su yi wasa. Watan jiya na ga ana ta cire kuɗi kaɗan-kaɗan daga asusuna, ashe ƙaramin ne ke sayen abubuwa a cikin wasan. Babbar kuma, mai shekara 14, ita ke taya ni amsa kwastomomi, wani lokaci ita ke sa kayan a ɗauki hoto. In taɓa jari in saya musu wata waya, ko in hana su gaba ɗaya?"

Hajiya, Allah ya mayar da alheri. Ki saya musu tasu, kuma ki lissafa kuɗin cikin hidimar sana'a, kamar kwaɗon da ake saya wa ƙofar shago. Hanawa gaba ɗaya ba ta ɗorewa: za su ɗauka ne kina barci, ko su koma wayar abokai inda idonki ba ya kai wa.

Ki sassauta wa ƙaramin. Irin waɗannan wasanni kyauta ake sauke su, ribar masu su tana cikin abin da ake saya a ciki, lu'ulu'u, makami, sabuwar rigar jarumi. Idan katinki na ajiye a Google Play ko App Store, dannawa ɗaya ce, yaron bai ga kuɗi sun fita ba balle ya ji zafinsu. Abin ya kai har hukuma ta shiga a Amurka: a 2014 hukumar kare haƙƙin masu saye, FTC, ta sa Apple ya amince zai mayar wa iyaye aƙalla dala miliyan 32.5, Google kuma dala miliyan 19, kan sayayyar da yara suka yi ba da izini ba. A 2022 kamfanin Epic Games, mai wasan Fortnite, ya amince da biyan dala miliyan 520, kusan rabinsu na mayar wa masu saye ne. Saboda haka ki nemi a mayar miki da kuɗinki, ki faɗi cewa yaro ne ya saya. An fi dacewa idan aka nema cikin awa 48, amma gwadawa ba ta cin komai. Sannan ki cire katin, ki duba ko akwai rajistar da ke cirar kuɗi duk wata ki soke ta, ki saita wayar ta riƙa neman kalmar sirri a kowace sayayya. In an taɓa yi wa yatsan yaron rajista a wayar, a goge, in ba haka ba aikin banza aka yi.

Wannan asarar mai sauƙi ce. Wadda ke karya 'yan kasuwa ita ce a ƙwace WhatsApp ɗinsu. Ɗan damfara ya sa lambarki a wayarsa, saƙo mai lambobi shida ya shigo taki, sai ya kira da ladabi: "Yi haƙuri, na turo lamba bisa kuskure, karanto min." Yaro ɗan shekara takwas zai karanta, yana ganin taimako ya yi. Kafin ki ankara ana aika wa kwastomominki lambar wani asusu da sunanki. Kuɗin ba naki ba ne, amma ke za a riƙe, kuma wanda aka cuta sau ɗaya da wuya ya sake turo kuɗi kafin ya ga kaya. Ki kunna tabbatarwa mai mataki biyu a WhatsApp yau, wato ƙarin lambar sirri da ke kaɗai kika sani, ki gaya wa yaran duk lambar da ta shigo, ta banki ko ta manhaja, ba a karanta wa kowa ko da ya ce shi ma'aikacin banki ne.

Maganar babbar ta fi damuna. Lambar kasuwanci ai kin raba ta ga duniya, kowa na iya rubutowa, kuma ba kowane mai tambayar farashi ne ya zo sayen kaya ba. Wani zai fara da "nawa ne wannan rigar", ya koma "wace ce ta sa ta", sai "a ɗan ƙaro hoto ta baya in ga ɗinkin", daga nan ya nemi lambarta ko ya yi mata tayin aikin talla da kyautar kati. Yarinya mai shekara 14 da aka koya wa kada ta kori kwastoma za ta ji nauyin yanke hirar. Ki daina sa ta a hoton talla. Mutum-mutumin shago ko maratayi sun isa, kuma masu saye yadi da ɗinki suke dubawa. Hoton da aka ɗora ba ya dawowa, ana iya kwafe shi a kai inda ba ki so. Tsofaffin da fuskarta, kayan makarantarta ko ƙofar gidanku suka fito, ki sauke su.

Ba na cewa ki raba ta da sana'ar ba, koyon ciniki tun yanzu riba ce gare ta. Ki ba ta littafin shige da fice, naɗe kaya, rubuta talla. In za ta amsa saƙo, WhatsApp na barin a haɗa lamba ɗaya da na'urori har huɗu, sai ta amsa daga can kina ganin kowace hira. Kiran bidiyo, ba da adireshi da maganar biyan kuɗi su zama naki ke kaɗai. Ki kuma yi mata alkawarin in wani ya turo abin banza ta nuna miki, ba za ki ƙwace waya ko ki yi mata faɗa ba, domin tsoron faɗa ne ke sa yara ɓoyewa har abu ya kai ga barazana. In ya kai can, kada a biya ko sisi: a ɗauki hoton saƙonnin, a toshe shi, a kai ƙara ga manhajar da hukuma.

Wayar tasu ba sai sabuwa ba, kuma daga riba za ki tara kuɗinta, kada ki taɓa jari. Kada layin da ke haɗe da banki ya shiga cikinta. Ki buɗe musu asusun yara ƙarƙashin tsarin kulawar iyaye, Family Link in Android ce, ko Screen Time in iPhone ce, yadda ba za a sauke manhaja ba sai kin amince. Facebook, Instagram da TikTok duk daga shekara 13 suke karɓa, don haka ƙaramin ba ya ciki. Babbar kuma a sa ainihin shekarunta, domin kariyar da Instagram ya ƙara wa asusun matasa tun 2024 da shekarun da aka rubuta take aiki. Kafin kuɗin su taru, akwai saitin kafe manhaja ɗaya a allo, wanda yaro ba ya iya fita daga wasan sai da lambar sirrinki. Ki yi amfani da shi, kina kusa.